Shekarar da Muka Zo Na Ɗaya Babu Rufi

Ranar da ba ta barin zuciyata ita ce ranar da na sa babbar riga na yi wa kwamfuta godiya. Ku yi dariya, na yafe. Ni direba ne, bokona bai wuce karanta lambar mota ba.

A lokacin ina tuƙa motar wata cibiyar karatun jami'a mai rassa a Anka da Gummi da Bukkuyum. Ɗalibanmu yawanci manya ne, malaman firamare da matan aure, masu zuwa ƙarshen mako. Duk shekara akan tambaye su ta waya ko sun gamsu da malamai, da aji, da ruwa. A tattara amsoshin a kai sama, a jera cibiyoyi daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Ta ƙasa ake fara kai wa gyara. Wannan ne ban sani ba.

Malama Rabi ce jami'ar da ke tace amsoshin. A waccan bazarar iska ta yaye rufin ajin Bukkuyum, ana karatu ƙarƙashin tamfol, ita kuma burinta a sa kwano kafin damina. A hanyarmu ta zuwa can ta ce mini, “Baba Ɗanjuma, bana amsoshin nan su za su yi mana roƙo.”

Muka isa. Ta shiga tana nuna musu inda za su latsa, ni na jingina da mota a inuwar dogon yaro. Duk wanda ya fito na ce, “Yaya karatu?” Ya ce, “Alhamdulillahi, Baba.” Iska mai ɗumi na kaɗa tamfol kamar zanen da aka shanya. Gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga ajin ya tashi sama a hankali da bencinansa, ya ratsa kan gulbi, ya wuce fadamun Gummi, ɗalibai na leƙo kawunansu suna ɗaga wa masu kwalekwale hannu, ni ne a gaba riƙe da sitiyari. Da na farka har na ji takaicin ƙasa.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Bukkuyum ce ta ɗaya. Shugaban cibiya ya sa a rubuta a allon bakin ƙofa. Ni kuwa na ce mafarkina ya tabbata, na yi wanka na sa rigar Sallah, na shiga ofishin Malama na rusuna gaban kwamfutarta na ce Allah ya yi mata albarka.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta juyo da fuskar na'urar, ga wani dogon sanda kore, ma'aunin gamsuwar ɗaliban Bukkuyum, ya kusa taɓa sama.

“Baba, in ka tafi gidan ƙanenka ka ce yaya gida, mi zai ce?”

“Lafiya lau.”

“Ko da ba a ɗora tukunya ba?”

“Awo, ai ba a buɗe ciki a bakin ƙofa.”

“To yaushe zai faɗa maka?”

“Sai na sha ruwa, na tashi, ya rako ni bakin hanya.”

Ta ce, “To tambayarmu gaisuwa ce, ba ta da rakiya.” Wasu ma, in ji ta, iyayensu suka ja musu kunne kada su kushe wurin da suke shan ilimi.

Ta rubuta bayani ta kai sama. Aka amsa cewa kwanon bana na waɗanda suka koka ne. Daga nan na gane aikin nan: na'ura tana ƙirga abin da baki ya faɗa, mutanenmu kuwa abin da ke damunsu sai ƙafa ta taka hanya.

Ruwan farko ya same mu a Bukkuyum. Tamfol ya cika ya yi ciki, ya fashe. Na leƙa aji na ga Inna Hajo, malamar firamare da ke zuwa daga Adabka a kan babur, ta kifa roba a kan littafinta, ruwa na bin mayafinta. Ta dubi allon bakin ƙofa, ta dube ni.

“Baba Direba, an ce mu na ɗaya. To su na ƙarshe, cikin gulbi suka karatu?”