Ashanar da ban cire wa Kulu ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashiyata Kulu, ɗiyar kawuna ta Sabiyal. Duk shekara idan aka fara cirar albasa sai ta faɗo mini a rai, don ba ta taɓa shigo mini wurin aiki ba tare da ƙullin albasa a gefen zane ba. Takan dire shi a kan teburina ta ce, "Likitar birni, ga na miya, kar yunwa ta kashe ki da boko."

Ni ba likita ba ce. Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Aliero, ni ke kula da tazarar haihuwa. Bayan haihuwarta ta biyar Kulu ta zo da yardar mijinta, ta ce tana son ta huta. Allura ta nema, wadda in ta ga dama bayan wata uku ta bari. Ni kuwa na san a taron da ake tara mu a Jega, wanda ya fi sa wa mata ashana, wato ɗan tsinken nan da ake sawa a damtse ya yi shekaru, shi ake tafa wa. Na yi ta yi mata daɗin baki har ta miƙo hannu. Ba don ta gamsu ba, don ni ce.

Bayan wata huɗu ta dawo. Jini ya rikice mata, yau ya zo gobe ya ɗauke, ga azumi ya matso. Ta ce, "Ki hidda mini abin ga. Wallahi ban san ranar sallata ba, ban san ranar da ba ni yi ba." Na ba ta ƙwayoyi, na ce jiki zai saba. Zuwa na biyu na ce safar hannu ta ƙare, alhali tana cikin durowa. Dalilina ɗaya ne: a rahoton da muke cikawa duk wata, macen da aka sa wa ashana nasara ce, wadda aka cire wa kuwa sai an tambaye ki abin da ya sa mata ke gudun asibitinki. Babu gurbin da ake rubuta cewa mace ta roƙa an hana ta.

Zuwa na uku ba ta yi mini tsiya ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta ajiye albasa, ta dube ni ta ce, "Hannun ga nawa na ko na gwamnati?" Na yi dariya, na ce ta bari bayan salla, ni da kaina zan cire.

Ba ashana ta kashe Kulu ba, kada wata ta karanta wannan ta tsorata. Motar da ta ɗauko ta daga kasuwar Jega ce ta kife, kwana tara kafin salla. Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Da na ɗaga damtsenta na hagu, yatsana ya taɓa ashanar a ƙarƙashin fata, daidai inda na sa ta. Na ci gaba da zuba ruwa.

Yanzu ina aiki a wajen Andarai, a ƙasar Maiyama. Waya muke latsawa maimakon cika takarda. Da Kulu ta gani, na san cewa za ta yi, "To, ita wayar ga tana tambayar mi nike so?" Abin da ya sauya kaɗai shi ne ni. Ina gaya wa kowace mace duk hanyoyin da ake da su, har da tashi ta tafi gida ba ta ɗauki komai ba. Wadda ta ce a cire mata kuwa, ranar nake cirewa, ba na tambayar dalili sau biyu. An daina tafa mini a taro, kuma barci na fi yi.

Amma wannan bai biya Kulu ba. A littafinmu har ta bar duniya tana layin waɗanda suka karɓa suka ci gaba, cikin nasarorina. 'Ya'yanta biyar sun girma da bakinta da dariyarta, suna gaishe ni da ladabi, ba su san komai ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta yafe mini. Ashanar ta shekara uku ce. Yau ta haura bakwai a hannunta, tana jiran bayan salla.