Golmon da Ishaku ya yi a kwance

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, wanda unguwarmu a Zuru ta sani da Baba Saja. A wajenmu shekara bakwai saurayi yake yi yana golmo, wato noma a gonar surukinsa, kafin a ba shi mata. Da Baba zai iya magana, na san cewa zai yi shi ma ya cika nasa, a sallame shi.

Aikin jinya ya yi a soja, ya dawo gida da akwatin magani da bakin tsokana. Ba abin da ya tsana kamar mutum ya haɗiyi ƙwayar ciwon jiki ciki wayam. Yakan ce asfirin da danginsa suna sauke kumburi ne ta hanyar hana jiki yin wani sinadari, alhali sinadarin nan shi ke kare bangon ciki. Ka kore shi daga gwiwa, ka kore shi daga tumbi. Farasitamol bai cika taɓa ciki ba, amma ba ya sauke kumburi, in an zarce kuma hanta ce ke shan wahala. Mun sha karatun nan har muna kwaikwayonsa a bayan idonsa.

A daminar ƙarshe ta golmon Ishaku, mijina a yau, gwiwarsa ta kumbura. Ɗan golmo kuwa ba ya cewa wayyo. In ya ajiye garma abokansa su sa shi a waƙa, dangin yarinya su fara cewa an yi zaɓen tumun dare, wahalar shekara shida ta bi ruwa. Sai ya riƙa sayen ƙwayoyi a kasuwa yana watsawa da sassafe bai karya ba. Ni dai abin da na gani, tuwon da nake kai masa gona yana dawowa ba a taɓa ba. Har kuka na yi, a zatona son ne ya ƙare.

Baba ne ya lura yaron yana noma yana ɗingishi, yana dafe ciki. Ya kira shi bakin gona.

"Naɗe wandon nan in gani."

"Baba, lafiyata ƙalau."

"Da gwiwar nake magana, ba da kai ba."

Ranar ya kai shi asibiti, aka ce gyambon ciki ya fara, aka hana shi ƙwayoyin. Kawunnaina kuwa suka fara gunaguni. Washegari Baba ya tara 'yan golmo ya ce, "Gona tawa ce, ni ke raba aiki. Aikin wannan shi ne ya kwanta gindin mangwaron can, ya ɗora ƙafa kan buhu, ya cinye duk abin da aka kawo masa. Ya tashi, babu aure."

Har yau Ishaku yana rantsuwa bai taɓa noma mai wuya kamar wannan ba. Abokansa na huɗa suna masa kirari da sarkin inuwa, shi kuwa yana kwance yana tauna kunya da tuwon dawa. Kawunnaina suka yi ƙorafi, Baba ya ce ba zai yarda garin neman gira a rasa ido ba, 'yarsa miji take so, ba gawa mai ƙwazo ba. Bayan girbi aka yi bikinmu, Baba ya yi rawa har tasa gwiwar ta nemi magani.

Yanzu in na ga 'yan kabu-kabu a bakin tasha suna sayen haɗin ƙwaya kala-kala a ƙullin leda, suna korawa da ruwa ko sunansu ba su tambaya ba, sai in tuna shi. Da ya tare hanya da sandarsa. Wayar hannun nan da ta cika gari kuwa, da ya ƙarar da kati yana tambayar mutane ko sun karya, yana tuna musu da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwatin maganinsa ya yi tsatsa, lambobin sojansa suna cikin adaka, ba mai dubawa. Amma bana wani saurayi ya fara golmon 'yarmu ta fari a gonar nan. Ya zo da abokansa da garemani suna zumuɗi. Ishaku ya zaunar da su gindin mangwaron, ya sa na kawo kunu da ƙosai, ya hana kowa taɓa garma sai da kwano ya koma wayam. Sannan ya dubi yaron, ya murtuke fuska irin ta Baba, ya ce, "Naɗe wandon nan in gani."

Na yi dariya har hawaye suka zo, ban kuma share su ba.