Waƙar Rijiya ta Inna

Kaka ce, an yanke gero, wake ma ya yi kyau a shekarar. Soja sun ce za su sauka, duk inda ka zauna a Gumel maganar zaɓe ake yi, har mata a gidan suna. Ni kuwa littafi ɗaya ne a raina.

Ina da 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Abin da na fara rubutawa don kaina shi ne waƙoƙin niƙa na Inna, mahaifiyata. Duk zuwan da na yi garinmu Ɗanzomo sai in zauna gabanta da littafin rubutu, tana rerawa, tana dariyar yadda nake cije leɓe in zan yi baƙi. Littafin ya cika, da damina Inna ta rasu.

Ƙanin mijina yana da injin buga takardu a wani shago bayan kasuwa. Katin biki yake bugawa, da kalanda, da ƙananan littattafai irin waɗanda muka koyi karatu da su. Ran Alhamis ya ɗaure su a babur sai kasuwar Maigatari, har mutanen Nijar suna saye. Mai son takarda ne, kuskure ɗaya a shafi kan sa ya sake bugu. Shi na ba littafin ya buga mini. Ban kwafe ba. Wa zai kwafe abu don ɗan gida?

"Matarmu ta zama marubuciya," in ji shi. "Har hotonki zan sa."

"Sa naka, mummuna, ɓeraye su bar maka takardu."

Sai manyan gari suka ce ya fito takarar shugaban ƙaramar hukuma. Wata la'asar ya zo ya durƙusa a gaban wansa, ya kira ni Yaya, abin da bai saba ba. Ya ce a littafin akwai waƙar rijiya, wadda mace ke yabon wanda ya haƙa wa ƙauye ruwa, mawaƙinsa yana so ya ɗauka.

Raina bai so ba. Amma mijina yana zaune, kuma matar wa ba ta hana ƙanin miji abu a gaban wansa. Na sunkuyar da kai. Ya yi godiya ya tashi. Da a ce na ce a'a a hankali, na san zai ji, ba mai taurin kai ba ne.

Kafin mako biyu waƙar Inna na fita ta lasifika a kan mota, an cire mai haƙa rijiyar an sa sunansa. Kaset ya kai Gagarawa, ya kai Sule Tankarkar. Injin ya daina buga littafi, sai hotonsa. Ya ci zaɓe, aka rufe shagon, daga baya aka sayar da injin.

Na yi haƙuri har bayan babbar Sallah, sannan na je gidansa. Zaure cike da mutane. Ya fito da babbar riga, ya rame.

"Matarmu, littafin nan yana cikin kwalaye."

"Waɗanne kwalaye?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce wanda ya sayi injin ya kwashe har da takardun, kuma ya bar garin. Ya ce zai aika a nema. Na ga kunya a fuskarsa, ban ƙara masa ba.

Da na koma gida na tarar da babbar 'yata tana daka, tana waƙar rijiya da sunan baffanta. Na tambaye ta yadda kakarta take faɗin wurin. Ta ce ai haka ta san ta.

Washegari bayan na sallami yara sun tafi makaranta, na sayi sabon littafi a shagon bakin layi, na shimfiɗa tabarma. Waƙoƙi bakwai suka dawo mini. Da na zo kan ta rijiya, sunansa ne kawai yake zuwa bakina. Na bar wurin fari, na ci gaba da layi na gaba.