Iskar Ɗakin Yaya

Ƙanƙara ake ce masa, kuma ba don sana'ar kaɗai ba. Mutum ne da za ka zo masa a guje ka ce gidanka na cin wuta, ya dube ka ya tambaya ko ka kashe mita. Shagonsa wani ɗan lungu ne tsakanin mai walda da mai sayar da katifa, cike da matattun esi, wato na'urorin sanyaya ɗaki, wasu ba murfi, wasu bututun tagullarsu duk a waje. A nan ya yi samartaka, a nan furfura ta same shi, yana zaune kan tsohuwar tukunyar gas da ya mayar kujera.

Yayansa ne ya koya masa aikin. Da ya ƙi karatu, Yaya ya kamo kunnensa ya kawo shi shagon, ya ce tunda kan ya ƙi ɗauka sai hannun ya ɗauka. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma ba ka ce ba. Yaya mai surutu ne, mai dariya har da buga cinya, yana gyara yana ba masu gida labarin da ba su tambaye shi ba. Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita. In an ce esi ba ya sanyi, kar ka taɓa gas, kar ka hau tsani, sai ka fara ɗaga murfi ka duba ragar da ke tace iska. Ranar da Ƙanƙara ya manta, ƙotar sukudireba ce ta tuna masa a tsakar kai. Shi ya sa har yau ba abin da ke ɓata masa rai irin masu gyaran nan da ko ɗakin ba su shiga ba sun ce gas ne ya ƙare. Ya kan ce waɗannan ba gyara suka koya ba, ɗurawa suka koya.

Da gwiwa ta hana Yaya hawa tsani, sai ya bar masa shagon ya koma gida. Ciwo ya yi ta cinsa a hankali, har ya rasu. Ƙanƙara ya yi duk abin da ƙani ke yi, ya tsaya kan komai, ba wanda ya ga hawayensa. Yana zuwa gidan gaisuwa, yana kai cefane, amma iyakarsa falo. Ɗakin Yaya kuwa, ko ƙofar ba ya kallo. In ya bi ta wajen sai ya ƙara sauri, shi kansa bai san dalili ba.

An shiga zafi na biyu bayan rasuwar, sai ga Auta a shago, ƙaramar 'yar Yaya, wadda ita ke zaune da uwar yanzu.

"Baffa, esin ɗakin Baba ne," ta ce bayan sun gaisa. "Yana ta gurnani, yana ɗigar da ruwa, amma sanyi ko na magani babu. Kuma Mama ta tare a ɗakin, ta ƙi fita. Jiya da rana na same ta a bakin gado ta jiƙe sharkaf, numfashi da kyar. Likita ya ce da hawan jininta da ƙirjin nan nata, zafi da ƙura za su iya kayar da ita."

"Kun kira wani?"

"Kar ka ji haushi, Baffa, mun ga kamar ba ka son shiga ɗakin. Ya zo ya ƙara gas ya tafi."

"Ya ɗaga murfin?"

"Mama ta hana. Ta ce duk abin da zai yi, ya yi daga waje."

Ya ɗauki jakar kayan aiki, ya ɗaure tsani a bayan babur.

Matar Yaya ta rame fiye da yadda ya bar ta, amma bakin na nan. Tun tana amarya take tsokanarsa, ba ta fasa ba.

"Yau wace rana? Ƙanin miji da tsani har gidanmu? Auta, ki duba ko ɓatan hanya ya yi."

"Anti, ai ke ce kika yi tsada. Kin samu masu gyara 'yan zamani kin yar da tsohon hannu."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta shige gaba ta tura ƙofar ɗakin, ta ce ya shigo da sauri ya rufe.

Tagogi a rufe, labule a sake, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Tabaraun Yaya na kan rediyo, silifas ɗinsa a gefen gado, ɗaya ya ɗan karkace kamar yanzu aka cire. Zafin ɗakin irin na motar da aka bari a rana ne. Can sama esin na gurnani, yana fitar da wata 'yar iska marar ƙarfi. Iskar ta sauko ta taɓa fuskar Ƙanƙara, sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ƙamshin man zafin da Yaya ke shafa wa gwiwa ne, da turarensa mai arha na ƙaramar kwalba, da tabar da ya yi ta rantsuwa ya daina. Ba kama ba ce, shi ne. Saura kaɗan ya waiwaya ya ce, "Yaya, ina wuni." Ya ji tsoro, ya kuma ji wani daɗi da bai ji ba tun ranar da aka fita da gawar.

Hannunsa ya riga ya kai kan murfin, don hannun ya saba. Ya janye shi.

"Bari in fara dubawa daga waje," ya ce.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zagin masu fara hawa tsani, shi ne ya jingina tsani a bayan gida ya hau. Ya kwance injin waje, ya share fankar, ya wanke ƙarafunan da ba su da wani datti. Ya gwada kafasita mai tayar da injin, lafiya lau. Ya saurari kwamfiresa, tana tashi tana tsayawa yadda ya kamata. Ya sa gejin auna gas, ya ga wancan gwanin ya ɗura gas har ya wuce kima, ya rage yana tsaki, ya ji daɗin samun wanda zai zaga. Bututun da ke shiga ɗaki ya yi fari da raɓar ƙanƙara, kuma ko ɗan koyo ya san abin da wannan ke nufi: iska ba ta ratsawa daga ciki. Ya gani sarai, ya kawar da kai. Ya ɗaure kusoshin da ba su kwance ba, ya goge abin da ya riga ya goge, rana na dukan ƙeyarsa. Da abin yi ya ƙare, dole ya sauko.

Ya sami matar Yaya zaune a bakin gado, daidai inda iskar ke sauka.

"Ka gama zagaye-zagayen?" ta ce. "Ni fa matar mai gyaran esi ce tun kana cin duka a shago. Na san raga ce. Kai ma ka sani."

Ya ajiye jakar. "Na sani, Anti."

"In Yayanka ya kunna tabarsa sai ya tsaya a nan ya busa hayaƙin sama, wai esi zai kwashe ya kai waje. Ni kuma in yi kamar na yarda. Sai da ya kwanta ciwo ya ce min ƙarya yake yi. Ya ce abin nan ba ya kai iska waje, ba ya kawo ta waje. Ta ɗakin ce dai yake ja ya mayar, ya ja ya mayar." Ta ɗaga kai ta dubi esin. "Shi ya wanke ragar nan na ƙarshe, kafin ya kwanta. Duk numfashin da ya yi bayan nan ta cikinta ya bi. Kayansa an raba, zannuwan gado an wanke ban sani ba. Wannan kaɗai ya rage min, kuma in an kunna sai in ji kamar ya shiga wanka ne zai fito."

Ƙanƙara ba gwanin magana ba ne, sai ya nemi dabara irin ta masu gyara.

"Ina da sabuwar raga a shago. In sa miki ita, wannan kuma ki ajiye abarki, ba mai taɓa ta da ruwa."

Ta gyaɗa kai. Ya kashe esin, ya ɗaga murfin a hankali. Ragar ta toshe, ta yi baƙi ƙirin, ƙura ta yi mata kauri kamar bargo, bayanta kuma ƙanƙara ta daskare a kan ƙarafuna. Ya zaro ta da hannu biyu ya miƙa mata. Ta kai hanci ta shinshina. Ta juya ɗaya gefen, ta sake.

"Ba ya nan," ta ce. "Ƙura ce kawai."

Ya karɓa shi ma ya shinshina, bai ko ji kunya ba. Gaskiyarta ne. Sai iska ta bi ta ciki ƙamshin yake fitowa, a hannu kuwa datti ne kamar na kowane gida.

"In mayar?" ya ce. Har cikin ransa yake nufi, kuma ba don ita kaɗai ba. Da ta ce e, da ya mayar ya rufe murfin ya tafi, ya riƙa samun dalilin zuwa gidan.

Ƙurar da ta shaƙa ce ta ba da amsa. Tari ya turnuƙe ta, ta dafe ƙirji, idanu suka yi ja, numfashin na fita da ƙara kamar ana jan ƙofa. Auta ta banko ɗakin da abin fesa maganin numfashi a hannu, ta durƙusa ta riƙe ta har ya lafa. Sannan ta dube su su biyun, tsofaffi da raga a tsakani, ranta a ɓace.

"Baffa, kai na kira don na ɗauka kai ne mai hankalin. Na rasa ɗaya, wallahi ba zan iya rasa biyu ba."

Can Anti ta miƙe, ta karɓi ragar daga hannunsa ta nufi famfon tsakar gida. Ya bi ta zai karɓa, ta ture hannun.

"Bari. Ni na yi jinyarsa, ni zan yi wannan."

Ta tsuguna ta buɗe famfo. Ruwan ya fara fita baƙi ƙirin, ya koma ruwan ƙasa, yana gangarawa magudana. Ba ta yi sauri ba, ta bi kowane lungu da yatsa har haske ya fara ratsa ragar. Auta ta cire tsumman ƙofa, ta buɗe tagogi, ta ɗaga labule. Suka jira ƙanƙarar ciki ta narke a bokiti, ragar ta bushe a rana. Ƙanƙara ya share ƙarafunan, ya mayar da ita, ya rufe tagogin ya danna rimot.

Iska ta taho da ƙarfi, sanyi ƙalau, irin wanda yake alfahari da shi a gidajen mutane. Kafin wani lokaci Anti ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, numfashinta ya daidaita. Auta ta yi hamdala ta tafi kicin.

"Allah ya yi albarka," Anti ta ce. "Zauna mana, ka sha sanyin aikinka."

Ya zauna a kujerar gefen gado. Ta lura da yadda yake ɗaga fuska sama yana jan iska ta hanci a hankali, yadda ita ma take yi.

"Kai ma nema kake?"

"Nema nake, Anti."

"Ka ji wani abu?"

Ya tashi ya je ƙarƙashin esin ya tsaya, ya rufe ido, ya ja iskar har ƙirjinsa ya cika. Ya daɗe a haka kafin ya buɗe ido.

"Babu," ya ce. "Kin wanke ta tas."