Gwangwanin Kwanson Virgil

Duk kwarinmu babu wanda ya kai Orval Stensrud iyayi a kan kwanson harsashi. Mu in mun harba libarba sai mu zazzage kwanson, mu sake ɗura albarushi, mu ɗora dalma, shi ke nan. Shi kuwa sai ya zauna a garejinsa yana leƙa gindin kowane ɗaya, na wannan kamfani daban, na wancan daban. Wanda aka tsinto a filin harbi ko taɓawa ba ya yi. Ni maƙwabcinsa ne, sunana Dale, kuma na sha gaya masa ko matarsa Lorna bai bincika haka ba kafin ya aure ta.

Shekarar da ciwon huhu ya kama ƙanensa Virgil, wata rana ina garejin sai ga Virgil ya shigo yana haki, rungume da gwangwanin kofi cike da kwanso.

Ya ce, "Ɗura mini waɗannan. So nake ranar Lahadi mu je ramin tsakuwa da libarbar Baba, mu farfasa kwalabe kamar da."

Orval ya ɗebo cikin hannu, ya yatsine fuska. "Ina ka kwaso wannan tarkacen? Uwa daban, uba daban. Bindigar Baba ba ta cin shara."

"Kwalba fa za mu harba, Orval, ba gasa za mu shiga ba."

"Zan sa a aiko sababbi. Ka jira su iso."

Virgil ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai dai ko kabarina sai ka auna."

A lokacin kwanso ya yi wuya ko'ina. Virgil yana bugo waya duk Asabar, Orval yana cewa saura kaɗan. Ranar da akwatin sababbin ya iso, Virgil ko kofi ba ya iya ɗagawa, balle bindiga. Kafin ƙanƙarar hunturu ta narke aka binne shi.

Akwatin yana nan a kan kantar garejin, ba a buɗe ba. Wata rana na leƙa na tarar Orval ya zazzage gwangwanin a kan tebur, ya yi tsibi biyu, babba da ɗan ƙarami.

Ya nuna ƙaramin ya ce, "Waɗannan kaɗai suka tsage. Sauran lafiyarsu lau. Ban ma duba ba, Dale. Kallo ɗaya na yi musu na raina. Ni na hana shi Lahadin nan."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma tausayinsa ya kama ni.

Ya ɗura masu kyan duka. Ranar Lahadi na raka shi ramin tsakuwa, ya jera kwalabe, ya yi ta harbi da libarbar babansu. Duk harbin da ya yi sai ya dakata ya duba kwanson, yana neman aibi. Na san abin da yake fata: da ɗaya ya tsage, da ya sami hujjar da zai riƙe. Har suka ƙare babu wanda ya tsage.