Jakar Ƙasar Baba

Ina da shekara takwas ko tara lokacin da yaƙin Jamus ya ɗauke mana Baba. A Sabon Garin Zazzau muke zaune, unguwar ma ba ta daɗe da kafuwa ba, 'yan ɗakunan jinka ne kusa da tashar jirgin ƙasa, inda Baba yake gadi. Yana jin Turanci kaɗan, irin na tasha, shi ne ya ja masa. Aka kai shi Ikko, aka sa shi cikin sojojin da ke tsaron jirgin ruwa mai kwasar mayaƙa da 'yan dako zuwa gabashin Afirka. Shi ba ya sauka fagen fama. Nasa dai ya tsare ƙofa, ya raba faɗa wurin rabon ruwa, ya yi tafinta, jirgi ya sauke mutane ya juyo da shi. Mutumin da a da bai taɓa ganin ruwan da ya fi rafin Kubanni ba!

Sau ɗaya ya zo hutu, kwana goma. Ya dawo yana tafiya a tattale, har Inna ta riƙa yi masa tsiya.

"Malam, haɗa ƙafafunka, ƙasar Zazzau ba ta rawa."

Bayan la'asar maƙwabta kan cika mana ƙofar gida don jin labari. Su igwa suke son ji da manyan kifaye, shi kuwa abin da ya tsaya masa a rai salla ce. Ruwan sha da gwangwani ake auna musu. Na teku kuma gishiri ne zalla, ga shi tun a makarantar allo an karantar da su cewa ruwan da ɗanɗanonsa ya sake ba ya alwala. To a yi taimama, da me? Jirgi duk ƙarfe ne da katako.

"Ruwa gabas, ruwa yamma," in ji shi, "amma mu muna bin lungu muna shafa bango ko za mu sami ƙura. Wallahi ban san darajan ƙasa ba sai da na rasa ta."

Ana gobe zai koma, Inna ta ja ni a ƙafa har Samaru, inda gonar gadon Baba take. Lokacin nan ba komai a wurin sai gonaki da 'yan gidaje jefi-jefi. Ta haƙi jar ƙasa a gindin ɗorawa, ta tankaɗe ta da rariya kamar garin tuwo, ta cika wata jakar fata, ta ɗora mini a ka. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Na ce sauran mata kilishi da dakuwa suke yi wa mazansu guzuri, mu ƙasa. Na sha ranƙwashi, ban daddara ba. Na ce wuyana zai karye, na zauna a bakin hanya na ce ba inda za ni. Da mitar ta ishi Inna, sai ta kwance bakin jakar, ta ɗebi damƙi biyu ta watsar cikin ciyawa.

"To, an rage. Tashi, uwar ƙorafi."

Baba ya ɗaga jakar ya ji nauyinta, ya yi dariya, ya ce an ba shi gona a jaka. A tasha ya dafa kaina yana yi mini magana, ni kuma ina fushi don ya ƙi tafiya da ni, na ƙi ɗago ido. Har yau ina jin nauyin hannun nan, amma fuskarsa ta ranar ba ni da ita. Ƙafafunsa kawai na gani.

Damina biyu ta wuce. Wata ranar hantsi wani ramammen soja, mutumin Jushi, ya yi sallama ya ce tare suka yi aiki da Baba. Inna ta tsaya bayan zana, ni ina riƙe da zanenta. Ya ce zazzaɓi ne ya shiga jirgin a hanyar dawowa, Baba yana cikin waɗanda Allah ya karɓa. Inna ta yi salati. Can sai ta ce, "A wane gari aka binne shi?"

Mutumin ya ce:

"Uwargida, a teku ba a binnewa. Wanka muke musu, mu naɗe a tamfol, a ɗaura ƙarfe a ƙafa, mu yi salla, a saki."

"Ko ƙasa ba ta taɓa shi ba ke nan?"

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Mutuwar kam ta haƙura da ita, amma a ce mijinta ba shi da kabari, wannan ya fi ƙarfinta.

Sai ya ba mu labarin jakar. Ya ce da farko layi ake yi a kanta don taimama. Da suka isa can gaɓar, wani malamin bakin teku ya gan su ya yi ta dariya, ya ce ai ruwan teku mai tsarki ne, su yi alwalarsu. Ashe duk wahalar banza suka sha. Daga nan Baba ya sake wa ƙasar aiki. Duk wanda ya rasu a jirgi, sai ya ɗebi kaɗan ya sa masa ƙarƙashin kumatun dama kafin a ɗinke tamfol, don kada a ce ɗan mutane ya tafi ba ƙasa. Har marasa lafiya kan kira shi su ce, "Malam, ka ajiye mini nawa."

"Shi fa?" in ji Inna. "Ta rage masa?"

"Ta ƙare kwana uku kafin ya kwanta. Na ce mishi ya ɓoye ko damƙi ɗaya ne, ya ce shi mai komawa gida ne, gona sukutum tana jiran shi."

"Ina jakar?"

"Ga abin da ya sa ban zo da ita ba. Mun juyo cikinta waje, jan ƙura ya kama fatan sosai. Ita muka sa mishi a kumatu."

Inna ta ce alhamdu lillahi, sannan ta durƙushe ta yi kuka.

Ta rayu shekaru da yawa bayan haka, ba ta taɓa tayar da zancen hanyar Samaru ba, ko da faɗa muke. Ni ce ban manta ba. Yanzu na tsufa, an sare ɗorawar, ɗakunan ɗaliban jami'a sun cinye gonar. Idan mutane suka tafi ziyarar kabarin iyayensu, ni sai in sa a kai ni hanyar nan, in tsaya daidai inda nake zaton na zauna ranar. Ina kewarsa har yau, kewa irin ta yarinya. Damƙi biyu ne kawai, Baba, da na ɗauka.