Ɗaya Naka, Ɗaya Nasa

Shekarun baya, lokacin ina kan ganiyar ɗaukar kaina masanin ƙwallon Amurka, mahaifiyata ta kunyata ni a gaban tiren shinkafa. Ita ba ta san dokar wasan ko ɗaya ba. Har yau ma ba ta sani ba, kuma ba ta da niyyar sani.

Bari in fara da ɗan'uwana. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, na girme shi da wata huɗu, kuma ban taɓa barinsa ya manta da wata huɗun nan ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, aka kawo shi gidanmu a unguwar Harra ta Gabas a Madina, muka tashi a ɗaki ɗaya. Mahaifiyata tana tsoron a ce ta fifita ɗan cikinta a kan maraya, sai ta kafa mana doka: duk abin da aka kawo, ɗaya naka, ɗaya nasa. Sambusa ce, dabino ne, tsokar nama ce, har zama kusa da taga a mota. In ka yi saurin hannu ka ɗauki biyu a jere, sai ka naɗe hannu ɗan'uwanka ya rama. Uku a jere kuwa ba wanda ya taɓa gwadawa, don ludayinta ba ya nisa da ita.

Ni na tsaya a Madina, na buɗe shagon gyaran mukayyif, wato iyakwandishan, a titin Sultana, ina fama da na'urorin sanyaya ɗaki na mutane. Shi kuma karatu ya kai shi Amurka, can ya afka wa wasan nan da ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Jikinsa bai kai na 'yan wasa ba, amma kansa ya kai. Ya fara da yanka wa masu horarwa bidiyo, ya yi ta hawa, har wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi cikin masu tsara mata hari. Saboda shi na fara kallon wasan a waya, kafin ka ce me na zama malami.

Ga wanda bai san wasan ba, abin da sauƙi. Ana ba ku dama huɗu ku ciyar da ƙwallo gaba yadi goma. A kowace dama, ko dai a miƙa wa wani ƙato ƙwallon ya kutsa da gudu, ko a jefa ta sama wani ya cafke. Akwai mutum ɗaya a gefen fili riƙe da takarda, shi ke zaɓar gudu ko jifa. In masu tsaro suka gane abin da zai zaɓa kafin ya zaɓa, to ya shiga uku.

A wannan shekarar aka sallami babban mai tsara harinsu ana tsakiyar kakar wasa, aka miƙa wa ɗan'uwana takardar a matsayin gwaji. Na yi ta shela a Sultana har maƙwabtan shago suka fara guduna. Sai aka cinye su wasa uku a jere. Babban kocin ya kira shi ya gaya masa ba kwana-kwana: saura wasa ɗaya bayan makon hutu, in hari bai motsa ba za a karɓe takardar, kuma wanda aka karɓe wa ita ba ya daɗewa a wurin. Da hutun ya zo sai ya hau jirgi ya taho gida na kwana huɗu, wai ko zai samu iska.

Ni na ɗauko shi daga filin jirgi, na gan shi ya rame, idanu sun faɗa. Tun a mota na fara ba shi magani. Na ce masa jifa kawai, a daina wahalar da ƙatti suna cin ƙasa. Har zane na yi masa a bayan kwalin mukayyif, kibau sun fi ashirin, kowace tana nuna gabas. Ya karɓa ya ce, “Shukran, ya akhi.” Na lura a ƙarƙashin kujera ya ajiye.

Kashegari bayan Azahar aka sauke bukhari, dafa-dukar shinkafa da nama. Ko a wurin cin abinci bai rabu da kwamfutarsa ba, ya jingine ta da matashi yana sake kallon wasannin da aka cinye su. Mahaifiyata tana gefe tana tsinkar na'ana'a don shayi.

Ya ce da ni, “Abin da ke kashe ni, lissafina daidai yake. Rabi gudu, rabi jifa, yadda ake koyarwa. Amma wallahi kamar takardata suke karantawa. Mun sauya alamun hannu, mun duba tsayuwar kowane ɗan wasa ko shi ke tona mana asiri, ma fi shai, ba mu ga komai ba.”

Na ce, “Ai na gaya maka tun jiya, jifa ce ta yi ƙaranci.”

Mahaifiyata ta leƙo ta ce, “Wai me ya sa wani lokaci yake miƙa wa na bayansa, wani lokaci kuma ya wurga?”

Na gyara zama na fara mata bayani a hankali, irin wanda ake yi wa mai koyon baƙi. Ta bari na gama, sannan ta tambaya, “To wa ke cewa a yi wannan ko wancan?”

Ɗan'uwana ya ce, “Ni ne, Ummi.”

“Kai da kanka?”

“Ni da kaina.”

Ta ce, “Tayyib,” ta koma ga na'ana'arta, amma ido ɗaya na kan kwamfutar. Aka yi gudu. Aka sake gudu. Ba ta ko ɗago kai sosai ba ta ce, “Yanzu zai wurga.”

Aka wurga. Wani mai tsaro da ke jira tun tuni ya buge ƙwallon.

Na yi dariya na ce sa'a ce. Aka ci gaba. Jifa, jifa, sai ta ce, “Yanzu kuma na mai gudu ne.” Aka ba mai gudu, mutum uku suka tare shi tun bai ɗaga ƙafa ba. Ɗan'uwana ya ajiye cokali. Ya tsayar da bidiyon bayan wata jifa guda ya ce, “Ummi, yanzu fa?”

Ta ce, “Ban sani ba tukuna, ɗaya ya ɗauka. Bari ya ɗauki na biyu.”

Ya sa wani wasan daban, ya sa na uku. Duk inda abu ɗaya ya zo sau biyu a jere, sai ta faɗi na gaba, kuma ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Ni da nake da zane a bayan kwali, sau biyu na gwada canka, duka biyun na faɗi. Sai na mai da hankali kan shinkafata.

Ya ce, “Kef, ya Ummi? Ta yaya kike gani?”

Ta ce, “Ni ba wasan nake gani ba, ya waladi, ɗana, kai nake gani. Yaushe ka taɓa ɗaukar uku a jere? In ka ba mai gudu sau biyu, sai kunyar waɗancan na gefe ta kama ka, masu ɗaga hannu ba a ba su ba. Ɗaya naka, ɗaya nasa kake musu.”

Ya jawo takardunsa ya yi ta bi da yatsa, shinkafa tana hucewa. Wasa uku cur, babu wuri ɗaya da ya kira abu ɗaya sau uku a jere. Ya ce lissafinsu duk a kan yawan gudu da yawan jifa yake, da inda ƙwallo take a fili, ba wanda ya duba yadda suke bin juna. Abokan hamayya kuwa sun duba. Ya riƙe kai yana dariya, ya ce gaskiya ne, duk sanda ya kira gudu sau biyu sai ya ji kamar masu cafka suna kallon ƙeyarsa.

Mahaifiyata ce ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon na'ana'a ta ce, “Ashe ni na cuce ka.”

 Ɗan'uwana ya matsa ya kama hannunta ya ce, “La, ya Ummi. Da rabon nan na san ni ɗan gida ne. Ban taɓa kwana ina tunanin an ba shi an hana ni ba.”

Ta share ido da gefen mayafi, ta dawo yadda muka san ta. Ta ce, “To ji nan. Waɗancan ƙattan ba marayu ba ne, kowa ya ƙoshi a gidansu. Ba nama kake raba musu ba. In ka ga hanya ta buɗe, ka yi ta bi har sai sun toshe ta. Khalas, shi ke nan.”

Ranar Asabar da safe muka je masallacin Ƙuba ni da shi, muka yi nafila, muka zauna a inuwa. Nan ya ce min ya yi shekara da shekaru yana ɗauka daidaito shi ne gudu da jifa su zo kai ɗaya a ƙidaya. Ashe daidaito shi ne mai tsaro ya tsaya a gabanka yana tsoron duka biyun a kowane lokaci. Na gyaɗa kai na ce ai kusan abin da zanena ke nufi ke nan. Ya dube ni, ya ce lallai.

Ya koma. Ranar wasan lokacinsu bai dace da namu ba, sai muka bari kashegari bayan La'asar mu kalli maimaici. Na kashe waya tun safe don kada a ɓata min labari, duk da cewa a layinmu kaf ni kaɗai na san ana wani abu wai shi ƙwallon Amurka. Na ɗauki kwamfuta na tafi Harra, muka zauna ni da mahaifiyata da butar shayi. Na san aikinsa a kan wannan wasan ya rataya.

Harinsu na farko, gudu. Na biyu, gudu. Mahaifiyata ta ce, “Yanzu zai wurga.” Aka ba mai gudu, ya wuce ta tsakiya ba wanda ya tare shi, don masu tsaro duk sun ja baya suna jiran jifa. Ta ajiye kofin shayi. Aka sake gudu. Aka kuma. A na shida ta kasa haƙuri, ta nuna kwamfutar da yatsa ta ce, “Haram alaik, ya waladi, ka ji tsoron Allah, ka ba waɗancan ma mana.”

Na ce, “Ummi, ke fa kika ce ya yi.”

Ta ce, “Na ce, amma abin ba daɗin gani.”

Masu tsaro suka gaji suka dunƙule a gaba. Sai mai jifa ya yi kamar zai miƙa wa mai gudu, ya riƙe abarsa, ya cilla ta can nesa ga wani siriri da ke tsaye shi kaɗai. Ya cafke ya shige. Na yi tsalle na zubar da shayi a kan darduma. Da ƙyar suka ci wasan, amma sun ci, kuma takardar ta zauna a hannunsa. Da ya kira a waya, abin da ta fara ce masa shi ne, “A filin can kawai na yarje maka.”

Har yau in na tuna sai in yi murmushi, wani lokaci kuma in ji ƙwalla. Na daɗe ina ganin dokar nan tata takura ce, ashe gida ta gina wa yaro da ita, har ya ɗauke ta ya tsallaka teku bai sani ba. Na kuma koyi rage baki a kan sana'ar da ba tawa ba, ko da yake matata ta ce ba ta ga alamar ragin ba. Kwalin zanena kuwa, na same shi bayan wata biyu a ƙarƙashin kujerar mota, inda ya bar shi.

Da kakar wasa ta ƙare ya zo hutu. Aka sauke bukhari, tsoka biyar a kai. Na ɗauka, ya ɗauka, na ɗauka, ya ɗauka, mu da furfura ta fara fito mana. Saura ɗaya a tsakiyar tire. Na ce layina ne, kuma na girme shi da wata huɗu. Ya ce shi baƙo ne, kuma yanzu ya iya ɗaukar biyu a jere ba kunya. Muna cikin haka mahaifiyata ta miƙo hannu ta tsakaninmu ta ɗauke tsokar.

Ta ce, “Wannan ta koci ce.” Ta kai baki.